Dalmar da Ba Ta Dawo Ba

A unguwar Zango ta garin Jugu, a arewacin Jamhuriyar Benin, an yi wani tsohon maharbi da kowa ke kira Sarkin Baka. Ba wani sarki ne ya naɗa shi ba, mutanen unguwa ne suka liƙa masa sunan, ya kuwa bi shi. Kakanninsa Kanawa ne, cikin fataken da ke bin hanyar Gwanja da jakuna, su ratsa Nikki da Paraku, su yada zango a Jugu, sannan su wuce Salaga su sayo goro. Kakansa yana cikin 'yan baka masu tsaron ayari. Da hanyar ta mutu, sai ya zauna, ya yi aure cikin Dandawa, ya juya kibiyarsa ga namun daji. Daga baka aka koma bindiga, gadon ya gangaro har hannun jika.

Bindigar adaka ce, ƙirar wani maƙerin garin, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda. Harsashinta shi da kansa yake zubawa. Yakan sayi mataccen batirin mota wurin masu gyara a bakin tasha, ya fasa, ya ciro dalmar, ya narka ta cikin wani tsohon ludayin ƙarfe a kan gawayi, can kusurwar tsakar gida kusa da turken awaki. Sai ya tsiyaya ta cikin wani ɗan mazubi na dutse da ya gada wurin mahaifinsa. Duk ƙwayar da ta fito girmanta ɗaya da 'yar'uwarta. Jikoki na son ranar zubi. Sukan kewaye shi suna kallon ƙarfe ya zama ruwa, in ya huce su ɗauka suna gara wa juna a ƙasa.

Abu ɗaya yake taƙama da shi. In ya harbi dabba ya ruga ya yanka da bisimilla, ba ya fara fiɗa sai ya bi ramin harsashin da tsinin wuƙa ya zaƙulo dalmar, ya goge a gefen riga, ya jefa cikin jakar fata don zubi na gaba. Yakan ce shekara 40 yana sayar da nama, ba a taɓa kawo masa ƙarar haƙorin da ya karye ba. Saboda haka ne wata Hajiya mai sayar da abinci a Paraku, kusa da kasuwar Arzeke, ba ta sayen naman daji a hannun kowa in nasa na nan. Duk rani, in an ƙone ciyawa daji ya buɗe, yakan kyafe abin da ya samu, ya cika buhu, ya shiga motar haya ya yi tafiyar kilomita 130 da 'yan kai, ta Beteru inda ake haye kogin Weme, ya kai mata.

Akwai kuma rabon gida. Naman da ke bakin ramin harsashi yakan dagargaje, jini ya kwanta a ciki ya yi baƙi, mai saye ba ya so. Shi ne Sarkin Baka ke yankewa, faɗin yatsa uku ko huɗu, ya kawo wa uwargidansa. Ita kuwa ta iya shi. Ko ta dafa da tsamiya har ya yi lugub, ko ta daka a turmi ta yi dambu. Da yake nama ne mai laushi, ba ya neman haƙori, sai ya zama na ƙananan yara da masu ciki da masu jego. Mafi yawansa yakan ƙare a bakin wani jikansa ɗan shekara 3, wanda tsohon ke kira Abokina. Yaron ba ya rabuwa da gindin kakansa. Bai fara haɗa magana ba, yana yawan riƙe ciki, tafin hannunsa fari fat. Mutanen gida suka ce nauyin baki ne, ubansa ma haka ya yi.

Ana nan, wata shekara daji ya yi masa kyau. Cikin mako guda ya kayar da wani ƙaton mazo da gada biyu. Mazon a kafaɗa ya same shi, har ya ji ƙarar ƙashi daga inda yake laɓe. Lokacin kuwa ya zo daidai, don surukarsa, uwar Abokina, tana watanta. Hajiya ta riga ta aiko da jaka 20 ta hannun direba, shi kuma ya riga ya miƙa su wurin wani Bafillace a kan ragon suna. Ya yanke rabon gida ya rataye a madafa, ya ce a ajiye wa mai jego. Sauran ya kyafe, ya ɗaure buhu, ya kama hanya.

A Paraku gidan ɗan marigayi ƙanensa yake sauka. Yaron ya yi boko, yana aiki a wani asibiti, a ɗakin da ake ɗaukar hoton ƙashi. Tsohon ya ciro wani yanki na kafaɗar mazo ya ba matar gidan. Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya. Da dare aka kawo sakwara. A kwanon maza ga naman mazo nan, amma da tsohon ya kai ido kan tabarmar yara sai ya ga cukun Fulani ne a miyarsu, wanda mutanen can ke kira wagashi. Matar ma shi take ci, ga ta da goyo. Bai ce komai ba. Ya ci abincinsa, ya wanke hannu, aka yi lisha.

Sai da gida ya yi tsit ya kira ɗan nasa, ya tambaye shi ko naman daji ya zama abin ƙyama ne a gidan 'yan boko. Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce Allah ya tsare shi da ƙyamar abin da aka rene shi da shi. Ya ce, "Baba, in ka yi mini izini in faɗi abin da na sani, in ya so ka yi hukunci."

Ya ce ba naman ba ne, dalmar ce. Ya ce a nan cikin Benin, a yankin Alada da ke kan hanyar Kwatano, masu bincike sun auna jinin yara 685, 'yan shekara ɗaya zuwa biyu, suka fitar da sakamakon a 2016. Kashi 58 cikin 100 dalmar jininsu ta haura mikrogiram 50 a lita, iyakar da in an kai ta hukumomin lafiya ke cewa a tashi tsaye. Da aka yi tambayar me ake ci me ake sha a gidajen, cikin abubuwan da suka fito har da cin naman da aka kashe da harsashi. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta faɗa cewa babu wani ɗan adadin dalma da za a ce ba ya cutarwa, kuma hanjin yaro yana tsotse ninki 4 zuwa 5 na abin da hanjin babba ke tsotsewa. In ta shiga jikin mace takan kwanta cikin ƙashi shekara da shekaru, ran da ta sami ciki ta taso ta bi jini ta iske ɗan tayi.

Tsohon ya ce gubar dalma ai ya san ta, ya ji a rediyo shekarar da ta kashe yara a Zamfara. Amma wancan dutsen zinariya ne aka riƙa dakawa a tsakar gida, ina ruwan biri da gada? Yaron ya ce gaskiya ne, abin da ya faru a Dareta da 'Yargalma da Bagega a 2010, har yara fiye da 400 suka rasu, ya fi wannan nesa ba kusa ba. Ta nama ba ta kayar da yaro rana ɗaya. Rage masa take yi kaɗan kaɗan, a jini, a ji, a kaifin ƙwaƙwalwa, ya girma ba wanda ya san an rage masa komai, don ba a ga yadda da zai zama ba.

Tsohon ya ce shi dai ya haura sittin yana cin naman nan, ga shi yana bin sawun mazo daga asuba zuwa azahar. Ya ce kuma ko ma dai mene ne, shi yana cire dalmarsa, kowa ya shaida. Sai yaron ya ciro wayarsa ya nuna masa wani hoto irin na ɗakin aikinsu. Haƙarƙarin barewa ne, ga ƙasusuwa fari fari, ga kuma wasu ɗige-ɗige masu haske sun bazu ko'ina, kamar an watsa gero a kan baƙin faranti. Ya ce kowane ɗigo ɓarɓashin dalma ne, wasu ido ba ya gani, harshe ba ya ji. Ya ce a 2008 wani likita a Dakota ta Arewa, a Amurka, wanda shi ma maharbi ne, ya sa ƙullin niƙaƙƙen naman barewa da mafarauta suka ba da sadaka cikin na'urar hoto, ya tarar fiye da rabi akwai ɓarɓashi, har hukuma ta sa aka janye naman daga rumbunan ciyar da mabukata. A maƙwabciyarta Minesota aka gwada, aka ga ɓarɓashin yana iya tafiya santimita 45 daga ramin harsashi, wato kamu guda. Wuta ba ta ƙone shi. In an dafa da abu mai tsami ma, narkewa yake ƙara yi cikin romo.

Da ya ji an ambaci tsami, tsohon ya ɗan gyara zama. Amma ya mayar da wayar, ya ce wannan barewar Turawa ce, bindigar Turawa ce. Yaron bai musa ba. Ya ce tasu ta fi gudu, harsashinta ya fi tarwatsewa, wannan haka yake. Amma dalma dalma ce, taushi gare ta, in ta daki ƙashi sai ta bar wani abu. Sannan ya ce tambaya ɗaya ta rage masa, in Baba ya amsa shi ke nan ya yi shiru. Wadda ake zaƙulowa da wuƙa, nauyinta ɗaya da wadda aka ɗura?

Sarkin Baka ya ce dare ya yi. Ya shiga ɗaki ya ja ƙofa.

Barci bai zo ba. Ya laluba jakar fata ya ciro ƙwayar da ya cire a kafaɗar mazon, ta baje ta yi fale-fale, gefenta duk tsage-tsage. Ya ciro sabuwa da ba a harba ba. Ya ɗora ɗaya a tafin dama, ɗaya a hagu, ya ɗaga ya sauke, ya sauya hannu. Hannu bai gaya masa komai ba.

Gari na wayewa, bai jira koko ba, ya nufi kasuwa, layin maƙeran azurfa, inda ake da ɗan ma'auni mai faranti biyu da ake auna zobe da 'yan kunne. Ya sami wani dattijo ya yi masa sallama, ya miƙa ƙwayoyin biyu, ya ce a auna masa. Maƙerin ya ɗora. Farantin sabuwar ya sauka ƙasa, ɗayan ya tsaya a sama. Ya riƙa ƙara 'yan duwatsun awo da hantsaki har suka daidaita, ya duba, ya ce wannan bajajjiyar ta gaza da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Da yake bai san abin da ake ciki ba, ya ɗauka ciniki ne, sai ya ce, "Malam, in a kan nauyi ɗaya aka sayar maka, an rage maka. Koma wurin wanda ya ba ka, ka tambaye shi ina sauran."

Tsohon ya karɓi kayansa ya yi godiya. Ya san inda sauran yake. Wani yana rataye a madafar gidansa a Jugu, wani yana cikin buhu, wani kuma shi da ɗan ƙanensa sun ci jiya da sakwara.

Na gida bai ba shi wahala ba. Nan bakin layin ya tsaya ya buga wa babban ɗansa waya, ya ce naman nan da ke rataye kada wanda ya taɓa, a sauke a kulle a ɗakinsa sai ya dawo, kada a tambaye shi dalili yanzu. Ko numfashi biyu bai yi ba ya gama wannan.

Buhun ne ya tsaya masa a wuya.

Ya tafi wurin wani tsohon abokinsa ɗan Bariba, cikin masu jagorar farautar gayya da ake fita daga Paraku da rani, mota cike da samari da karnuka da kulake. Suka zauna gindin mangwaro, ya kwashe labari ya gaya masa da Dandanci. Abokin ya saurara har ƙarshe, ya ce ya ji, kuma bai ƙaryata ma'auni ba. Amma a duba. Gidanka ka riga ka tsare. Wannan na buhu ka yanke bakin ramin, abin da ya saura kaɗan ne, kuma za a raba shi cikin kwano ɗari, kowa ya sami ɗan tsoka biyu. Ba wanda zai faɗi, ba wanda zai yi amai. Hukuma ba ta hana ba. Duk mai naman da ke kasuwar nan da dalma ya harbe, in ba ka sayar ba wani zai sayar, masu ci kuma za su ci. Ga kuɗin mutane ka riga ka taɓa, ga suna a gabanka. Ka kai wannan, daga bana sai ka gyara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar nan ba ta banza ba ce, ko kalma ɗaya babu ƙarya a ciki, shi ya sa ta yi nauyi. Tsohon ya tashi yana jin an sauke masa kaya. Ya koma masauki, ya ɗora buhu a bayan babur ɗin haya da mutanen can ke kira zemijan, ya ce a kai shi Arzeke.

Ya iske rumfar Hajiya cike, lokacin cin rana ne. Ta hango shi ta yi murna, ta ce Sarki ya zauna a ba shi ruwa, bari ta sallami mutane. Ya zauna a ƙarshen benci, buhu tsakanin ƙafafunsa. Masu zemijan suna ci a tsaye. Ga 'yan jami'a su uku sun haɗa kuɗi a kwano ɗaya. Can sai wata mata ta zo, ba Bahausa ba, daga ganin tsagarta mutuniyar ƙauyukan kudu ce, da tiren lemo a ka da yaro a baya. Ta sauke tire, ta ƙirga 'yan canjinta sau biyu, ta sayi sakwara da tsoka guda ɗaya tak. Ta kwance goyon ta ɗora a cinya. Sakwarar ta ci, ta sha romo. Tsokar kuwa ta gutsura, ta tauna har ta yi laushi, ta ciro da yatsa ta sa wa yaron a baki. Haka ta yi ta yi har tsokar ta ƙare, ita ba ta haɗiye ko zare ba. Yaron yana ci yana wuntsila ƙafa.

Sarkin Baka bai san sunanta ba, bai san garinsu ba, ba kuma zai sake ganinta ba. Ya duba buhun. Abokinsa ya ce kowa tsoka biyu. Ga wadda ta sayi ɗaya, ga kuma inda ɗayar ta tafi. Ya tuna shi ma abin da ya fi laushi yake kai wa wanda ya fi so. Ya lissafa kuɗin rago, ya lissafa kunyar da zai sha in ranar suna ta zo ba abin yanka, ya lissafa bakin mutanen Zango. Ya sake lissafawa daga farko, ko zai fito daban. Ruwan da aka kawo masa yana nan a ƙasa bai taɓa ba.

Da mutane suka ragu Hajiya ta zo tana goge hannu, ta ce a kwance a gani. Ya ce kafin a kwance akwai magana. Ya ciro ƙwayoyin nan biyu ya ajiye a kan benci, ya gaya mata duk abin da ya ji da abin da ya gani da idonsa.

Ba ta yi godiya ba. Ta waiga hagu da dama, ta rage murya, ta ce ya rufa mata asiri, wannan magana in ta fita rumfarta ce za ta mutu, ba ta wani ba. Ta ce shekara nawa tana dafa namansa, wa ya mutu? Ya ce ba wanda ya sani. Ta yi shiru, sannan ta ce to, tunda shi da bakinsa ya ce kayan da aibi, ta yarda ta karɓa duka, amma a rage jaka 10, magana ta mutu a nan. Wannan ita ce ƙofa ta biyu da aka buɗe masa a rana ɗaya, ta ma fi ta farko faɗi, don yanzu ya fita haƙƙin mai saye, ya faɗi aibin hajarsa, an ji an amince.

Ya ce, "Hajiya, ke kin ji. Mai lemon nan da ta tashi yanzu ba ta ji ba."

Ya nemi tabarma ya zazzage buhun. Maharbi ya san dabbarsa ko an kyafe ta, ya san wace tsoka daga ina ta fito. Ya riƙa ɗauka yana aunawa da hannunsa, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, daga inda harsashi ya shiga. Cinyoyin mazo da gadon bayansa na ƙasa ya tura gabanta. Kafaɗu da wuya da haƙarƙari ya tura bayansa. Da aka zo kan gada, sai ya ga kamu guda ya kusa cinye dabbar duka, don gada ba ta da wani tsawo. Ƙafafun baya kawai suka tsira. Abin da ya taru gaban Hajiya bai kai rabi ba, bai ma cika jaka 20 ɗin da ta bayar ba. Ya ce ragowar bashi ne a kansa. Ta ce bashi kuwa sai ya biya, ta kwashe nata ta shige ciki ba ko sallama.

Da yamma ya tambayi ɗan ƙanensa ko a ba karnuka. Yaron ya ce kare ma ciki gare shi, ungulu kuwa ta fi kowa saurin kamuwa. Ya ce a Kalifoniya wata ƙatuwar ungulu ta kusa ƙarewa saboda cin ragowar abin da mafarauta suka harbe, har jihar ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya a 2019. Sai suka ari diga da shebur, suka hau babur suka fita bayan gari, suka haƙa rami har ƙugu. Tsohon da hannunsa ya zuba naman, ya mayar da ƙasa, ya ɗora duwatsu. A hanyar dawowa ne ya ambaci ludayinsa da kusurwar turken awaki. Yaron ya tsayar da babur. Ya ce Baba, ai wannan ta fi ta naman. Ya ce a wata unguwa a gefen Dakar, tsakanin 2007 da 2008, yara 18 suka rasu saboda fasa batir da tara dalmarsa a cikin gidaje, ƙurar ta zauna a ƙasar da suke rarrafe.

Tsohon ya daɗe bai yi magana ba. Can ya ce, Abokina fa? Ni ne? Yaron ya ce ba zai ɗora masa abin da bai tabbatar ba. Zazzaɓin cizon sauro na shanye jini, tsutsar ciki ma haka, nauyin baki kuma akwai na gado. A kawo yaron a duba shi. Abin da ya tabbata shi ne, daga yau ana iya hana ƙari.

Labari ya riga shi isa Jugu, don direbobi ba sa riƙe magana. Aka ce Sarkin Baka ya binne nama da hannunsa. Wasu suka ce mazon nan ba dabba ba ne, mai dajin ne, ya taɓa shi. Wasu suka ce 'yan boko sun juya masa kai. Bai tanka wa kowa ba. Ya binne rabon gida. Ya sa samarin gidan suka kankare ƙasar kusurwar nan, zurfin taki guda, suka kwashe a baro zuwa wani rami nesa da rijiya, aka zubo sabon yashi, yadda ɗan ƙanensa ya ce an yi a ƙauyukan Zamfara. Turmin dambu ya sa aka faskara. Uwargidansa ta yi kuka a kan turmin, don na aurenta ne, daga baya ta yi wani kukan da ba na turmi ba, da ta gane abin da take dakawa a ciki shekara da shekaru.

Surukar ta sauka lafiya, mace aka samu. Ragon da aka yi alkawari bai samu ba, Bafillacen ya ba da wani ƙarami daidai kuɗin da ke hannunsa. Mata suka yi gulma a bayan zaure, aka ci aka watse. Mai jego ta sha romon kaza. Abokina aka kai shi Paraku, aka ce jininsa ya yi ƙasa, aka ba shi magani na wata uku.

Sai maganar sana'a. Tsohon ya ɗauki adakarsa ya tafi wurin maƙerin da ya ƙera ta, ya ce yana son harsashin baƙin ƙarfe. Maƙerin ya ce ana yi, mutanen da ma da guntayen ƙarfe suke ɗurawa kafin batir ya yawaita. Amma ya sani ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, ba ya cin nisa, kuma yana cin cikin bututu, dole a riƙa kawo bindigar ana dubawa, in ta yi rauni a ajiye ta. Tsohon ya ce ya ji. Ashe ba shi kaɗai ba ne a duniya, don mafarautan Danmak tun 1996 aka raba su da ƙwayar dalma, ba su kuma daina farauta ba. Amma su masana'anta ke yi musu, shi kuwa sai ya koyi sabon harbi da furfurarsa. Inda da yake harbi daga taki 40, yanzu sai ya ja ciki ya kusa. Sau da yawa dabba ta ji ƙamshinsa ta tashi. Ranin farko abin da ya kashe bai kai rabin na da ba. Bashin Hajiya sai a rani na biyu ya gama biya. Ita kuma ba ta daina saye wurin wasu ba, sai dai an ce in za ta ɗiba wa mai goyo, daga tukunyar namansa take ɗiba.

Kwanci tashi, wata rana da hunturu wani saurayin maharbi daga unguwar Kilir ya yi sallama a zaure. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce ya ji an daina amfani da mazubin dutsen nan, ko za a ara masa. Tsohon ya ce mazubi ya bi turmi. Ya shiga ciki ya fito da ƙwayoyin nan biyu ƙulle a tsumma, ya ce ya kai wa maƙeran azurfa su auna masa, in ya dawo sa yi magana.

Bayan kwana biyu saurayin ya dawo. Ya ce ya gani, ba ya musu. Amma Baba ya yi masa afuwa, aure ne a gabansa bayan salla, ba zai iya rasa rabin abin da yake samu ba. Abin da zai iya shi ne ya daina narka batir a gida, ya daina kai wa ƙannensa naman bakin rami, ya kuma yanke abin da ya kamata kafin ya sayar. A nuna masa iyakar yankan.

Tsohon bai yi masa faɗa ba. Ya kama hannun saurayin ya miƙe shi, ya dafa gwiwar hannun, ya dafa kan dogon yatsa, ya ce daga nan zuwa nan, ta kowane gefe na ramin. Saurayin ya dubi hannunsa, ya juya shi, ya ce Baba, a jikin mazo wannan zai yiwu, amma in gada ce ai ba abin da zai saura sai ƙafa.

Sarkin Baka ya ce shi ma haka ya gani a kan tabarmar Hajiya. Ya ce in ya shirya, maƙerin yana buɗewa bayan sallar asuba, ranar Juma'a ce kawai ba ya hura wuta.